Yayyafi, hazo da ganye a kan dogo: makon kaka a Landan

A ƙarshen watan Oktoba, hasashen yanayi na mako guda a kudancin Ingila kan zo kusan iri ɗaya: digiri 14 ko 15 da rana, yayyafi jefi-jefi, hazo da asuba. Mazauna Landan ba sa ganin wannan a matsayin labari. Amma wanda ya duba taswira zai yi mamaki, domin nisan birnin daga tsakiyar duniya daidai yake da na kudancin Labrado a Kanada, inda a wannan lokaci dusar ƙanƙara kan fara sauka.

Sirrin yana teku. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, don haka ɗumin da Tekun Atlantika ya tara a watannin zafi yana nan har cikin kaka. Ga kuma igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga Mashigin Meziko ta nufo Turai. Iskar kudu maso yamma ta ratsa wannan ruwa, ta iso da ɗumi da danshi tare. Shi ya sa sanyin ba ya cizo, sararin sama kuma ba ya yawan washewa.

Sunan da Landan ta yi wajen ruwan sama, a ganina, ya fi ruwan yawa. Abin da take samu a shekara kusan milimita 600 ne, bai kai na Kano ba. Kano tana kwankwaɗe nata cikin wata huɗu ko biyar, da tsawa da walƙiya. Na Landan kuwa ɗigo-ɗigo yake zuwa, a rarrabe cikin kwanaki sama da ɗari.

Hazon ma ba irin namu ba ne. Na hunturu ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, tana busar da leɓe. Na Ingila ruwa ne zalla. Idan dare ya yi tsawo, babu gajimare, babu iska, ƙasa sai ta saki ɗuminta, iskar da ke kanta ta yi sanyi har danshinta ya koma ƙananan ɗigo masu shawagi. Ya fi kwanciya a kwaruruka irin na kogin Tems. Masana yanayi ba sa kiransa hazo sai ganin ido ya gaza mita 1,000, kuma a irin wannan safiya filin jirgin sama na Hitro kan ƙara tazara tsakanin jirage masu sauka, wasu tafiye-tafiyen a soke su.

Hazon da ya fitar da sunan birnin a da, wanda Bafaranshe mai zane Claude Monet ya yi ta zanawa a bakin Tems, gauraye yake da hayaƙin kwal. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 wannan haɗi ya lulluɓe Landan. Ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 suka mutu. Binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Dokar tsaftace iska ta 1956 ce ta fara raba gidajen birnin da ƙona kwal.

Yau abin da ya fi damun matafiyi shi ne ganye. Yana zubowa kan layin dogo, yayyafi ya jiƙa shi, ƙafafun jirgi su niƙe shi ya zama baƙin shafi mai santsi, birki ya ƙi kamawa. Idan aka ce ganye ne ya jinkirta jirgi, fasinjoji na yi wa wannan uzuri dariya, alhali kuwa gaskiya ne. Kamfanin Network Rail, mai kula da layukan dogo, yana fitar da jirage na musamman da ke wanke dogo da ruwa mai ƙarfi, suna shafa masa haɗin yashi, wasu layukan kuma kan sauya jadawalinsu a kaka don direba ya sami damar taka birki tun daga nesa.