Matsalar Daidaito Wajen Mayar da Wasan Tebur Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi bayani ne a kan wata matsala da ke addabar masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta, wadda a ganina ta yi kama da abin da mu ɗaliban harshe ke fama da shi a darasin fassara.

Asalin Wasan

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. 'Yan wasa sukan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani tauraro, kamar mayaƙi ko matsafi. Mutum guda shi ne jagora, yana ba da labari yana kuma yanke hukunci. Idan ɗan wasa zai kai sara, sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20, wato kowace lamba tana da damar fitowa kashi 5 cikin ɗari.

Daidaito a nan yana nufin kada wani tauraro ya fi sauran ƙarfi har su zama 'yan kallo. Matsafi ya fi mayaƙi ɓarna, amma tsafinsa ƙidayayye ne, idan ya ƙare sai ya yi dogon hutu. Shi kuwa mayaƙi takobinsa ba ya ƙarewa.

Inda Gizo Ke Saƙar

A kan tebur, jagora ne ke tsare wannan ma'auni. Idan ya ga 'yan wasa suna son barci bayan kowane faɗa, sai ya turo musu abokan gaba cikin dare, ko ya ƙure musu lokaci. Ita kwamfuta ba ta duban fuskar mutum, abin da aka tsara mata kawai take bi. Idan aka bar hutu kyauta, matsafi zai shiga kowane faɗa da cikakken ƙarfi, mayaƙi ya koma ɗan rakiya.

Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fuskanci wannan a wasan Baldur's Gate 3 na 2023. Sai ya sa cikakken dogon hutu ya buƙaci guzuri, gajeren hutu kuma ya taƙaita shi zuwa sau 2 kafin dogo. Haka nan ya tsayar da taurari a mataki na 12, alhali a tebur ana kaiwa 20, domin manyan tsafe-tsafe, irin wanda ke biya wa mutum kusan duk burin da ya ambata, sai da ɗan'adam mai hukunci.

Wata matsalar ita ce, a tebur abin da ɗan lido ya nuna ya zauna, amma a kwamfuta mutum yana iya komawa baya ya sake jifa har sai ya dace. Don haka aka ƙara wani salo mai tsauri da ke hana komawa baya.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa ɗalibi, wanda ya kwafe dokokin tebur harafi da harafi ya cika amanar littafi, amma ya kashe daɗin wasa. Haka mai fassarar da ya bi kalma da kalma yake kashe karin magana. Hausawa dai sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.