Sojojin Boma da Ba Su da Kabari

A ƙauyen Taukkyan, arewa da birnin Yangon na ƙasar Myanmar, wadda Hausawa suka fi sani da Boma, akwai maƙabartar soja mai kaburbura sama da 6,000. A tsakiyarta an jera ginshiƙan dutse ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da an san inda ƙasa ta rufe su ba. An buɗe ginin a shekarar 1958. Cikin sunayen akwai na Indiyawa, da Turawa, da kuma 'yan Afirka ta Yamma.

Ingila ta kwashi samari daga Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya, ta haɗa su a runduna ta 81 da ta 82 don yaƙar Japan. Da yawansu 'yan Arewa ne. A 1944 runduna ta 81 ta kutsa kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai dako a ka da kayan da jirage ke jefowa daga sama. A irin wannan ƙungurmin daji wanda ya faɗi a wurin yake zama. Akan tona masa rami cikin gaggawa, a kafa itace, runduna ta wuce. Damina ɗaya ta isa ta shafe alamar. Wani kogi ya ci shi, wani zazzaɓi ya kayar da shi a baya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Nauyin ya fi faɗawa kan na gida. Ba a ga gawa ba, ba a yi salla ba, mace ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba, rabon gado kuma ya tsaya.

Ƙa'idar hukumar kaburburan yaƙi, wadda aka kafa a 1917, ita ce a rubuta sunan kowane mamaci ba bambanci. Ba kullum ta cika wannan alƙawari ba. A 2021 wani rahoto da ita kanta ta sa aka yi ya nuna aƙalla mutum 116,000 na Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibi 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, har gwamnatin Ingila ta nemi afuwa. Na Boma dai an sassaƙa nasu, sai dai a ƙasar da ƙalilan daga jikokinsu za su taɓa takawa.