Bayani A Kan Idon Mai Ciwon Hankali



Dalilin wannan rubutu wani gardi ne da ya yi karatu gabana. Ya haddace izu arba'in ba ya tuntuɓe. Da ya kai shekara ashirin sai al'amarinsa ya sake. In na biya masa aya uku, kafin ya kai ta ukun ta farin ta ɓace masa. In an aike shi kasuwa da saƙo biyu, ya komo da ɗaya. Na zaci lalaci ne, har na yi masa faɗa gaban ƙolaye, abin da nake nadamarsa har yau. Sai bayan wata takwas ya soma cewa ana zaginsa, alhali ba kowa kusa. A kwanakin nan ne na lura in na ja tsinke sannu bisa allo, idonsa ba ya tafiya tare da tsinken. Yakan tsaya baya, sa'an nan ya yi tsalle ya cim masa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, ido tafiya biyu gare shi. Akwai ta tsalle, wadda yake yi daga kalma zuwa kalma. Akwai ta sulɓi, wadda yake yi in yana bin shirwa a sama. Ta biyun nan ce takan ɓaci ga masu ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya, sunan da Bleuler, likitan ƙasar Suwizalan, ya raɗa a 1908. Cikin wannan shekara kuwa wasu mutum biyu a Amurka, Diefendorf da Dodge, suka sa majinyata kallon abu mai lilo, suka ɗauki hoton motsin idonsu, suka ga wannan tsalle. Maganar ta kwanta har 1973, sa'ad da Philip Holzman ya tashe ta a Chicago. Ya kuma tarad da alamar ga da yawa daga iyayen majinyatan da 'yan'uwansu, waɗanda lafiyarsu lau. Watau akwai rabon gado a ciki.

Akwai wani gwaji kuma. A ce wa mutum, in haske ya ɓullo dama ya dubi hagun. Mai lafiya yakan riƙe umurnin, ya tsare idonsa. Mai ciwon nan sau da yawa idonsa kan riga shi zuwa ga hasken. Riƙe umurni da hana kai aikin goshin ƙwaƙwalwa ne, shi ne kuma wurin da aya uku ke zama kafin a maimaita su. To, ashe mantuwar gardina da tsallen idonsa rijiya ɗaya suke sha. Rauni irin wannan yakan riga jin muryoyi zuwa, wani lokaci da shekaru, mu malamai kuwa mu ne farkon masu ganinsa.

Amma kada wani ya ɗauki tsinke ya yanke wa ɗansa hukunci. Gajiya da tsufa da kayan maye duk suna kawo irin wannan tsalle. Likita ma ba da ido kaɗai yake gane ciwon ba.

Danginsa sun ce iska ce. Suka kai shi wani wuri da ba zan ambata ba, aka sa masa mari wata huɗu, ya komo da miki a ƙafa. Ban hana addu'a ba, sana'ata ce. Likita Lambo ma, da ya kafa jinyar ƙauye a Aro ta Abeokuta a 1954, bai kori masu maganin gargajiya ba, tare ya yi aiki da su. Mari kam ba ya cikin addu'a.

Daga baya muka bi hanyar Gwadabawa zuwa asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Magani ya kwantar da muryoyin. Riƙon karatu bai komo duka ba, gama magungunan nan ƙarfinsu ga muryoyi yake, ba ga mantuwa ba. Yanzu yana auna hatsi a rumfar kawunsa, saƙo ɗaya ake ba shi a lokaci ɗaya. Bayan Magariba yakan zo, in rubuta masa aya biyu a allo, ba na ƙara ta uku sai ya wanke.