Yadda ake sa manhajar Vim ta riƙa yin aiki da kanta

Masu rubuta manhajojin kwamfuta da ke amfani da Vim na da wata dabara da ke rage musu wahala. Sau ɗaya za su faɗa mata abin da za ta yi idan kaza ya faru, daga nan ba sai an sake tuna mata ba. Sunan dabarar autocmd.

Vim dai manhajar rubutu ce da Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a 1991, ya kuma ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a watan Agustan 2023.

Ana rubuta umarnin ne a fayil ɗin .vimrc, wanda Vim ke karantawa duk lokacin da aka buɗe ta. Abu uku yake buƙata: lokacin da za a yi aikin, irin fayil ɗin da ya shafa, sai aikin kansa. Kowane lokaci da sunansa. BufNewFile na nufin an fara sabon fayil, BufWritePre kuwa dab da za a adana shi.

Wani layi da ya yaɗu a intanet shi ne wannan:

autocmd BufWritePre * %s/\s\+$//e

Aikinsa share giɓin da ya rage a ƙarshen kowane layi kafin a adana. Tsafta ce mai kyau, amma alamar tauraron nan na nufin kowane fayil, babu togiya. A tsarin rubutu na Markdown, giɓi biyu a ƙarshen layi umarni ne na a sauka sabon layi. Vim za ta share su shiru, sai an wallafa shafin a tarar layuka sun haɗe. Idan kuma aikin haɗin gwiwa ne, wanda ya gyara kalma ɗaya zai iya tura wa abokan aikinsa sauye-sauye a layukan da bai ko duba ba. Maye gurbin tauraron da *.py kan taƙaita sharar ga fayilolin Python kawai, kuma wannan ya fi kwafo layin yadda aka gan shi.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓuya. Duk lokacin da aka sa Vim ta sake karanta .vimrc ba tare da an rufe ta ba, sai ta ƙara umarnin a kan na baya. In an yi sau biyar, sau biyar za ta riƙa maimaita aikin, a hankali ta soma nauyi. Maganinsa a tara umarnan cikin augroup, a fara da autocmd! mai alamar motsin rai, wanda ke goge tsofaffin kafin a ɗora sababbi.

Wanda ya ga fayil na canzawa bai san dalili ba, ya rubuta :verbose autocmd BufWritePre, zai ga umarnan da inda aka kafa kowanne. In kuma ana son adanawa sau ɗaya ba tare da sun taɓa komai ba, :noautocmd w ya isa.