Nawa Ne Kuɗin Makin Jirgin Sama? Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda yake yawan hawa jirgin sama, ko ɗan kasuwa ne mai zuwa sari Alƙahira, Istanbul da Guangzhou, ko mai zuwa Umra duk shekara, ya san saƙon nan da kamfanin jirgi ke turowa: kana da maki 40,000 a asusunka. Adadin yana da daɗin gani, amma tambayi mai makin ko nawa ne idan aka mayar da shi kuɗi, za ka ga ya yi shiru. Wasu suna ɗaukarsa kamar naira 40,000, wasu kuma suna jin ya kai su zagaya duniya da shi. Dukansu ba su lissafa ba, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Tsarin ya samo asali ne daga Amurka. Bayan gwamnati ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara a 1978, kowa ya shiga sa farashin da ya ga dama, gasa ta yi zafi, sai American Airlines ya fito da AAdvantage a 1981 don ya riƙe fasinjojinsa. United da Delta suka bi sahu a shekarar. Yau kusan kowane babban kamfani yana da nasa: Ethiopian yana da ShebaMiles, Turkish yana da Miles&Smiles, Emirates yana da Skywards, Saudia yana da Alfursan, Air France da KLM sun haɗu a Flying Blue. British Airways yana kiran nasa makin Avios, kuma Qatar Airways ma ya koma amfani da Avios a 2022. Wasu suna cewa mil, wasu suna cewa maki, abu ɗaya ake nufi.

Maki wani irin kuɗi ne da kamfanin jirgi yake bugawa da kansa. Shi ke bayarwa, shi ke faɗin abin da za a saya da shi, shi ke karya darajarsa ranar da ya so, kuma idan ka kai shi kasuwar canji ta Wapa babu ɗan canjin da zai karɓa. Saboda haka ba shi da tsayayyen farashi. Darajarsa tana bayyana ne kawai ranar da ka sayi wani tikiti da shi, kuma a kan wannan tikitin ake yin lissafi.

Ga yadda ake yi. A duba farashin tikitin idan da tsabar kuɗi za a biya. A duba tikitin nan dai, rana ɗaya, jirgi ɗaya, kujera iri ɗaya, idan da maki za a biya. Za a ga kamfanin ya nemi maki kaza, sannan ya ƙara da wasu kuɗi na haraji da caji. A cire waɗannan kuɗin daga farashin farko, abin da ya saura a raba shi da yawan makin. A ce tikitin Kano zuwa Alƙahira, zuwa da dawowa, dala 600 ne. Da maki kuma an ce 40,000 da ƙarin dala 180. Abin da makin ya ɗauke maka dala 420 ke nan, ba 600 ba. Raba 420 gida 40,000, kowane maki ya tashi senti 1.05. Idan dala tana naira 1,500 a ranar, makinka gaba ɗaya ya tsaya a naira 630,000, wato naira 15.75 kowane ɗaya. Alƙaluman nan na misali ne, kowa ya sa nasa.

Wannan ƙarin kuɗin na haraji da caji shi ne inda mutane suka fi yin tuntuɓe, domin talla ta riga ta sa musu kalmar “tikitin kyauta” a kai. Buɗe wajen da ake fayyace farashi kafin a biya. Za ka ga ainihin kuɗin tafiyar a layi na farko, sannan ƙananan layuka sun jeru a ƙasa, kowanne da haruffa biyu a gefensa. Wasu harajin gwamnati ne da kuɗin filin jirgi, waɗannan babu makawa sai an biya. Amma akwai layin da yake ɗauke da YQ ko YR, wanda da can ake kira kuɗin mai. Wannan aljihun kamfanin yake shiga, kuma kamfanoni da dama suna karɓarsa ko da maki aka biya tikitin. A doguwar tafiya yakan kai ɗaruruwan daloli. Mai tashi daga Landan kuma yana da ƙarin harajin fasinja da Birtaniya ta ɗora tun 1994, wanda yake ƙaruwa da nisan tafiya da kuma irin kujerar. Idan tikitin dala 700 ne, aka nemi maki 50,000 da dala 450, makin dala 250 kawai ya ɗauke, rabin senti kowane ɗaya. A irin wannan gara mutum ya biya kuɗi ya adana makinsa.

Akwai gyara biyu da ya kamata a yi wa lissafin, kuma dukansu ƙasa suke jan sakamakon. Na farko, tikitin da aka saya da maki ba ya kawo sabon maki. Da ka biya dala 600 ɗin nan, wataƙila da an zuba maka maki 3,000. Ke nan tafiyar maki 43,000 ta ci, kuma darajar ta sauko zuwa senti 0.98. Na biyu ya fi muhimmanci. Kada ka gwada da farashin kamfaninka kaɗai, gwada da tikitin da za ka saya da ba ka da maki ko ɗaya. Idan wani kamfanin yana kai mutum wurin nan a ranar a kan dala 480, kuma da shi za ka bi, to abin da ka tsira da shi dala 300 ne. Raba da 43,000, ka samu senti 0.7. Daga 1.05 an dawo 0.7, alhali ba abin da ya sauya sai abin da aka gwada da shi.

A kujerun gaba, na alfarma, lissafin yakan yi zaƙi fiye da kima. A ce kujerar da mutum zai kwanta ya miƙe ƙafa dala 3,000 ce, da maki kuma 90,000 da ƙarin dala 400. Bisa takarda, kowane maki ya kai senti 2.9, kusan ninki uku na misalin farko, kuma irin wannan adadin ne masu son harkar suke taƙama da shi. Sai dai tambaya ɗaya tana rusa shi: da babu maki, za ka ciro dala 3,000 daga jarinka ka biya kujerar? Idan a’a ce amsar, to ba ka tsira da dala 2,600 ba, ka dai ji daɗin abin da ba ka da niyyar saya. Jin daɗi ba laifi ba ne, kuma dattijo mai ciwon baya da zai yi awa goma a sama yana da hujjarsa. Amma a lissafi, sa adadin da za ka iya biya da zuciya ɗaya. Idan iyakarka dala 1,200 ce, cire 400, raba 800 da 90,000, ka ga an dawo ƙasa da senti ɗaya. A ganina wannan ne adadin da ya kamata mutum ya yi shawara da shi.

Masu bibiyar harkar a Amurka da Turai sukan kiyasta makin yawancin manyan kamfanoni tsakanin senti ɗaya da ɗaya da rabi. Kiyasi ne kawai, kuma an gina shi a kan tafiye-tafiyen can, amma yana da amfani a matsayin ma’auni. Abin da ya haura wannan ciniki ne mai kyau, abin da ya faɗo rabin senti kuwa asara ce. Da wannan ma’aunin za ka gane cewa sayen jaka ko turare da maki a shagon kamfanin jirgi galibi ba ya biya. Haka nan zaɓin da ake nunawa a ƙarshen sayen tikiti, na rage kuɗi da maki: idan an ce maki 10,000 zai rage dala 50, ai kamfanin da bakinsa ya faɗa maka rabin senti yake saye.

Idan an juya lissafin, yana nuna ko ya dace a ƙara kuɗi don neman maki. Mutum ya ga tikitin kamfaninsa ya fi na wani tsada da dala 70, ya ce ba komai, ai zan samu maki. Maki 3,000 ne, a kan senti ɗaya dala 30. Ya biya 70 ya karɓi 30. Sai fa in akwai wani dalili, kamar ƙarin nauyin kaya, wanda ga ɗan kasuwa yakan fi makin kansa daraja. A nan ne ya kamata a bambance iri biyu da ke cikin asusu. Akwai makin kashewa, wanda muke magana a kai, akwai kuma makin matsayi, wanda ke ɗaga mutum zuwa katin azurfa ko na zinariya, ya samu ƙarin jaka da ɗakin hutawa a filin jirgi. Ba a sayen tikiti da na biyun, kuma darajarsa a kuɗi ita ce abin da za ka biya na ƙarin kaya da ba ka da katin.

Kamfanoni suna sayar da maki kai tsaye, yawanci a farashin da ya fi abin da za ka samu idan ka kashe shi. Sayensa don ajiya ba dabara ba ce. Inda yake da ma’ana shi ne cike gurbi. Kana da 35,000, ana neman 40,000, ka sayi 5,000 a kan dala 125. Yanzu tikitin dala 600 ya ci maka dala 305 a kuɗi, makinka na asali ya ɗauke dala 295, senti 0.84 kowane ɗaya. Idan makin yana dab da ƙonewa, wannan ya fi a bar shi ya tafi a banza.

Ga mai lissafi da naira akwai wani abu na daban. Farashin tikitin ƙasashen waje yana bin dala. Da Babban Bankin Najeriya ya saki canji a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,400 a cikin 2024, kuɗin tikiti a naira ya bi ta. Makin da mutum ya tara kafin lokacin bai ragu ba, don haka a naira darajarsa ta ninka. Haraji da cajin da ake biya a kan tikitin maki su ma sun ninka, domin su ma dala suke bi. Shi ya sa ya fi sauƙi a yi lissafin da dala, a ƙarshe a juya zuwa naira da canjin ranar. Mai lissafi da sefa a Yamai ko Maraɗi ya huta da rabin wannan wahala, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya.

Kada wannan ya sa a ɗauki maki a matsayin ma’ajiyar dukiya. Kamfanonin sun fi kowa sanin abin da ke hannunsu. A 2020, lokacin da korona ta ajiye jirage a ƙasa, United ya ciwo bashin dala biliyan 6.8 ta hanyar jinginar da tsarin makinsa, Delta ya ciwo biliyan 9, American kuma ya ciwo biliyan 10 a 2021. Ribar tana zuwa ne musamman daga bankunan da ke sayen maki da yawa don raba wa masu katinsu. Yawan makin da ke yawo kullum ƙaruwa yake, kujerun jirgi kuwa ba sa ƙaruwa haka, sai kamfani ya ƙara yawan makin da ake buƙata don kujera ɗaya. Delta ma ya janye jadawalin farashin makinsa gaba ɗaya a 2015, wasu suka biyo shi, yanzu makin da ake nema a wurinsu yana hawa da sauka kamar farashin kuɗi. Tafiyar da maki 40,000 ya isa bana, baɗi tana iya zama 50,000 ba tare da an nemi shawarar kowa ba.

Ga kuma ƙonewa. Makin Emirates da na Turkish yana ƙarewa bayan kimanin shekara uku da samunsa. Avios na British Airways yana nan muddin an taɓa asusun a cikin wata 36. Na Delta da United ba ya ƙonewa. Wanda yake tafiya sau ɗaya a shekara, yana tara 3,000 kowace tafiya a tsarin da ke ƙonewa bayan shekara uku, ba zai taɓa kaiwa 40,000 ba. A wurinsa makin kusan ba shi da daraja, sai dai ya tattara tafiye-tafiyensa a asusu ɗaya. Ƙawancen kamfanoni yana ba da damar hakan. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Lufthansa duk suna cikin Star Alliance, don haka mai lambar ShebaMiles zai iya ba da ita idan ya hau EgyptAir. Qatar, British Airways da Royal Air Maroc suna cikin oneworld. Saudia, Air France, KLM da Kenya Airways suna cikin SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya.

Duk wannan sai in makin ya shiga asusun tun farko. Da yawa daga cikin matafiyanmu ta hannun ejan suke yankar tikiti, kuma idan ba a ba shi lambar asusu ba, ba zai tambaya ba. Tikiti mafi arha wani lokaci makin kashi ɗaya cikin huɗu na nisan tafiyar yake kawowa, wani ma ba ya kawo komai, haka tikitin rukuni da na jirgin shata. Sunan da ke asusun dole ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, kuma mu da Muhammad ɗaya ake rubutawa iri huɗu, wannan kaɗai yakan hana maki shiga. Idan an manta ba a ba da lambar ba, yawancin kamfanoni suna karɓar ƙorafi cikin wasu watanni bayan tafiya, amma za su nemi lambar tikiti da katin shiga jirgi, ɗan guntun nan da ake yarwa a kwandon shara da zarar an sauka. Kujerun maki kuma ƙididdigaggu ne a kowane jirgi, kuma a goman ƙarshe na Ramadan ko hutun Disamba su ne suke fara ƙarewa, don haka mai niyyar Umra da maki ya fara dubawa watanni kafin azumi.