Ɗan Bawul Mai Hana Injin Ban-Ruwa Aiki

Da rani, manomin fadamar Gagare a Ƙaura Namoda, ko ta Bunsuru a Zurmi da Shinkafi, yakan ta da injin ban-ruwa ya yi ta ruri, ko ɗigo bai fito ba, ga albasa tana yaushi. Galibi inji ake ɗora wa laifi, alhali kuwa ɓarnar tana bakin mesar da ke nutse cikin ruwa, inda wani ɗan bawul yake.

Shi wannan inji ba ya iya zuƙar iska. Sai mesa ta cika da ruwa yake rage matsi a cikinta, sa'an nan nauyin iskar da ke bisa kogi ya turo ruwa sama. Torricelli, wani masani ɗan Italiya, ya bayyana wannan a 1644. Aikin bawul shi ne tare ruwan kada ya koma. Idan yashi ya cinye robarsa, ruwa ya zurare, iska ta maye gurbinsa.

Gyaran ba wuya. A kashe inji, don gudu babu ruwa yana ƙona shi. A kwance bawul, a wanke yashin, a yanko roba daga tsohon tub, ko a sa sabon bawul daidai faɗin mesa. Sa'an nan a ɗura ruwa, a jira. In bai ragu ba, a ta da inji.