Zagayen Doki a Allon Ces Ba Baiwa Ba Ce

Na gaji da bidiyon da ake ta yaɗawa a WhatsApp, inda wani zai ɗauki dokin wasan ces ya taka gidaje 64 na allo, kowane gida sau ɗaya tak, sai a rubuta wai baiwa ce daga Allah, ko wai sai babbar kwamfuta ta gwada kowace hanya kafin a dace. Duk biyun ba haka ba ne.

Tsallen doki dai sananne ne: gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Tun ƙarni na 9 gwanin ces al-Adli ya rubuta irin wannan zagaye a Bagadaza, masanin lissafi Euler kuma ya yi nazarinsa a 1759. Ina kwamfuta a lokacin? Zagayen da ke ƙarewa inda doki zai iya komawa mafarinsa kaɗai sun haura tiriliyan 13, hanyoyin da ke mutuwa a tsakiya kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya lalube yake yi cikin duhu.

A 1823 wani Bajamushe, Warnsdorff, ya fito da dabara mai sauƙi: duk tsallen da za ka yi, je gidan da ya fi ƙarancin mafita. Dalili? Gidan kusurwa mafita biyu gare shi, na tsakiya takwas. In ka bar kusurwa sai ƙarshe, za ka tarar an toshe ƙofarta.

To ɗauki takarda, zana allo mai gidaje takwas a tsaye, takwas a kwance, rubuta 1 a kusurwa. Kafin kowane tsalle, duba gidajen da doki zai iya sauka, ƙirga mafitar kowanne, ban da waɗanda ka riga ka taka, ka zaɓi mafi ƙaranci, ka sa masa lamba ta gaba. In biyu suka yi kunnen doki, ɗauki wanda ya fi nisa da tsakiyar allo. Yi da fensir, domin dabarar ba ta da garanti; wani lokaci takan maƙale, musamman a manyan alluna.

Iyaye da malamai, ku ba yaranku takarda da fensir su gwada da kansu, ku daina tura musu bidiyon nan.